Jarka nawa kuka saya yau? Littafin aikin bincikena kan ruwa a unguwannin Kano

Litinin, 15 ga Janairu 2024

Alhamdulillah yau dai Malam mai duba aikin bincikena na makaranta ya sa hannu a kan taken aikin. Kusan wata uku muna kai da komo, ni na je masa da maganar tazarar da ke tsakanin masu hali da talakawa a Kano gaba ɗayanta, ilimi, asibiti, gidan zama, komai na cusa a ciki, ya karanta ya ɗago kai ya ce "'yata wannan ai kogi kika ɗauko, ki ɗebi abin da bokitinki zai iya ɗauka." Shi ne na koma gida na zauna ina tunani, sai ga Umma tana ƙirga kuɗin ɗan garuwa a bakin ƙofar ɗaki tana faɗa wai yau ma an ƙara, a nan na ce toh ga shi nan a gabana. Ruwa. Nawa kowane gida yake kashewa a kan ruwa, kuma wa ya fi biya da tsada.

Unguwanni uku muka tsayar, Kurna, Ɗorayi da Nasarawa GRA. Ni zan riƙa shiga cikin gidaje wajen mata, abokin karatuna da muke aikin tare shi zai tsaya da maza a soro da 'yan garuwa a bakin bohal, tunda dai shi ba inda za a bar shi ya wuce soro.

Na saka a gabatarwa cewa rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Kowa ya san wannan lissafin, kowane ɗalibi da shi yake buɗe babi na ɗaya. Abin da nake so ni shi ne in ga yadda yake a tsakar gida.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Mun gwada takardar tambayoyin a gidaje goma a Kurna, kuma gaskiya ba ta yi ba. Da farko sai da muka je muka gaida mai unguwa muka nuna masa takardar makaranta, ya karɓe mu hannu bibbiyu ya haɗa mu da wani yaro ya riƙa yi mana iso, Allah ya saka masa.

Matsalar tana cikin tambaya ta huɗu, wadda na kwafo tsarinta daga irin manyan ƙidayoyin nan da ake yi, "daga ina gidanku yake samun ruwan sha?" sai a zaɓa, famfo, rijiya, bohal, rafi. Duk matar da na tambaya sai ta ce bohal. To idan na rubuta bohal na wuce, a takarda ta zama daidai da matar da bohal ɗin yake cikin harabar gidanta a GRA, dukkansu suna da "ingantaccen ruwa", alhali ita wannan bohal ɗin na wani ne a can bayan layi, ruwan sai ya hau kura ya zo mata a jarka ta biya. Na daɗe ina karanta rahotanni ban taɓa lura da wannan ramin ba sai yau da nake durƙushe a gaban randar wata baiwar Allah.

Na biyu, idan ka ce wa mace nawa kuke kashewa a wata a kan ruwa sai ta ce "wallahi ban sani ba, kullum dai ana saya." Ba wai ɓoyewa take ba, kuɗi ne da yake fita ɗari ɗari, ba wanda yake tarawa ya lissafa.

Wata Inna ce ta ba mu mafita. Ta ce ita lokacin da take adashe ba ta iya boko ba, da ƙwallon dabino take ƙirga zubi. Shi ne muka yanke shawarar kowane gida za mu ba su gwangwanin madara mai murfi da ƙullin ƙwallayen dabino, duk jarka ɗaya da aka saya a jefa ƙwallo ɗaya, ni kuma duk Asabar in zo in juye in ƙirga in tambayi farashin satin. Masu iya rubutu kuma na ba su ɗan littafi, wasu da ajami suke rubutawa, hakan ma ya yi min.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Yau tun bayan asuba muna bakin wani bohal a Ɗorayi, ni ina zaune a kan benci wajen mai ƙosai ina rubutu, abokin aikina yana cikin 'yan garuwa. Kafin ƙarfe bakwai kurori sun yi layi har kwanar layin.

Na so duk mai zagin 'yan garuwa ya zo ya ga wannan. Kura ɗaya jarka goma sha biyu ce yawanci, kowace jarka lita 25, kenan lita 300, nauyin ruwan kaɗai kilo 300 ban da ƙarfen kurar, kuma mutum ɗaya ne zai tura ta cikin yashi da kwata da lungun da ko adaidaita ba ya shiga, idan ya isa gida ya ɗauki bibbiyu a hannu ya shiga da su har bakin randa ya juye. Wani dattijo a cikinsu ya nuna mana tafin hannunsa, duk ya yi kanta kamar bayan ƙwarya. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, wasu daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina wasu daga Nijar, kurar ma ba tasu ba ce haya suke biya kullum, sannan su biya mai bohal kuɗin cika, sannan faci idan taya ta fashe. Abin da yake saura a hannunsu da yamma ba wani abin kirki ba ne.

Mai bohal ɗin shi ma ya zauna da mu. Ya ce tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai bai ƙara samun natsuwa ba, litar fetur da yake saya ƙasa da naira 200 ta haura 600, wuta kuma ba ta zama balle ya dogara da ita, dole janareta. Ya ce "Hajiya ni ma kunyar mutanen layin nan nake ji, amma in ban ƙara ba sai dai in rufe."

Kenan mai ya hau, mai bohal ya ƙara wa ɗan garuwa, ɗan garuwa ya ƙara wa Inna, ita kuma Inna ba ta da wanda za ta ƙara wa sai dai ta rage wanka da wanki.

Litinin, 18 ga Maris

Sati ɗaya kenan da ɗaukar azumi, zafi ya fara shigowa da ƙarfinsa. Gwangwanaye sun fara magana. A gidajen da nake bi a Kurna jarka naira 100 ce yanzu, idan lungu ya yi nisa ko gidan sama ne sai an ɗora wani abu.

Daren jiya bayan tarawihi na zauna na yi wani lissafi da ya hana ni barci. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa mutum yana buƙatar tsakanin lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki da bayan gida. Mu ɗauki mafi ƙaranci, 50. Gida mai mutum takwas, wanda a Kano ba a ma kiransa babban gida, lita 400 kenan, jarka 16, a naira 100 ya zama 1,600 a rana, a wata 48,000. Mafi ƙarancin albashi kuma har yau 30,000 ne tun na 2019. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, kuwa cewa suka yi bai kamata kuɗin ruwa ya wuce kashi 3 cikin ɗari na abin da gida yake samu ba, wato mai albashin 30,000 kada ya kashe sama da naira 900 a wata. Naira 900 jarka tara ce, ko kwana ɗaya ba za ta kai su ba.

To ba wanda yake sayen jarka 16 ɗin, shi ya sa gwangwanin ba ya cika. Abin da ake yi shi ne ruwan da aka wanke shinkafa a zuba wa awaki, na ɗaurayar kaya a wanke tsakar gida da shi, yara uku a bokiti ɗaya. Wata mata ta ce min ita tana alwala ne a kan baho don ruwan ya taru ta samu na zubawa a masai. Na rubuta wannan kalma da kalma, ban san a wane babi zai shiga ba amma sai ya shiga.

Asabar, 6 ga Afrilu

Satin nan GRA muka yi. Shiga ta fi wuya nesa ba kusa ba, a Kurna sallama ɗaya an ce shigo an shimfiɗa miki tabarma, a nan sai maigadi ya ce Hajiya ba ta nan ko Alhaji ya hana, gida biyar muka samu a kwana huɗu, su ma ta hanyar wata ƙawar yayata.

Waɗanda suka karɓe mu kuma sun yi mana kirki sosai, ba zan ɓoye ba. Gwangwani dai ba shi da amfani a nan don ba a sayen jarka, bohal ne a cikin gida da tankuna a sama, wasu sun haɗa da sola. Da na tambayi wata Hajiya lita nawa suke amfani da ita a rana ta yi dariya ta ce "'yar nan wa yake aunawa, in tanki ya yi ƙasa yaro ya kunna." Sun kashe kuɗi mai yawa lokacin haƙawa, wannan gaskiya ne kuma dole in saka shi a lissafi, amma bayan nan abin da suke biya kuɗin wuta ne ko mai da ɗan gyara, idan aka raba shi a kan yawan ruwan da suke ja, jarka ɗaya tana zo musu da arha ƙwarai a kan ta Inna. Wanda ya iya fitar da kuɗi a dunƙule sau ɗaya ya huta, wanda bai iya ba shi zai yi ta biya da tsada kullum har tsufansa. Haka yake a shinkafa ma, mai buhu da mai gwangwani.

Ranar Laraba 3 ga wata aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 kowane yunit, duk gidan da muka shiga maganar da ake kenan, don haka sai na sake lissafin nasu ɓangaren da sabon farashi.

Abu ɗaya da ya taɓa min zuciya, gidaje biyu sun fito da kan famfo ta jikin katanga sadaka, da yamma za ki ga yara da almajirai da mata daga unguwannin baya sun yi layi da robobi. Allah ya ba su lada. Sai dai ranar da mai gidan ya yi tafiya ko injin ya lalace, shikenan ranar babu.

Litinin, 22 ga Afrilu

Bayan sallah mun dawo. An samu ɓarna, a gidaje uku yara sun kwashe ƙwallayen sun yi wasa da su, a wani gidan kuma amarya da uwargida kowa tana zaton ɗayar ce take jefawa, sati biyu babu komai a ciki. Na cire waɗannan satuttukan, ba zan cike da ƙiyasi ba. Yanzu gidan da mata suka fi ɗaya kowace da gwangwaninta, dama kowace da ranar girkinta kuma ita take sayen ruwan ranar.

Sannan yau karo na huɗu kenan ina zuwa wani ofis neman bayanan layukan famfo da unguwannin da suke kaiwa, kullum a dawo gobe oga ba ya nan. Na bar takarda ta biyu. Rana kuwa ba a magana, jarka ta kai 150 a wasu lungunan.

Litinin, 13 ga Mayu

Ban shirya wannan ɓangaren ba shi ya zo ya same ni. Na lura gidajen da gwangwaninsu ya fi zama wayam ba su ne masu sauƙi ba, su ne waɗanda ko kuɗin ɗan garuwan ba su da shi, yaransu ne suke ɗebowa. Kenan da na bi ƙwallaye kawai da na rubuta cewa mafi talauci su ne suka fi kashe kuɗi kaɗan, in yi kuskure babba. Suna biya, da lokacin 'ya'yansu suke biya.

Na bi wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da izinin mahaifiyarta. Ta fita shida da kwata da bokiti da ƙaramar jarka, tafiyar ba ta fi minti goma ba zuwa famfon wani masallaci, amma layi, ga manya suna shiga gabanta ba ta iya magana, ba ta dawo ba sai bakwai da rabi ta wuce, ta sauke ta koma sawu na biyu. Lokacin da ta saka yunifom tara ta kusa. Na ce mata ba a dukan makara? ta ce "Anti ai in na ga rana ta yi sosai ba na zuwa, gara in bari sai Islamiyya da yamma." Wuyanta duk ya jiƙe, ga gammo na tsohon ɗankwali, tana maganar tana murmushi kamar ba komai.

Ma'aunin da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suke amfani da shi ya ce a kira gida yana da ruwa na matakin farko idan zuwa da layi da dawowa bai wuce minti 30 ba. Ita sawu ɗaya ya ninka haka fiye da sau biyu. Na ƙara shafi a takardar tambayoyi, wa yake ɗebowa, shekarunsa nawa, mace ko namiji, sawu nawa, ya makara makaranta ko bai je ba. Malam ya ce aiki ya ƙaru amma ya yarda.

Lahadi, 9 ga Yuni

Jiya gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Na ji daɗi har raina, azuzuwa da kujeru da malamai duk ana buƙata, dama tun zamanin Ganduje aka ce ilimi kyauta ne kuma dole. Ina sauraro a rediyo yarinyar nan ce kawai take faɗo min. Ko an gyara ajinsu an saka mata sabuwar kujera, ƙarfe takwas tana layin famfo. Ma'aikatar ilimi daban ta ruwa daban, kowa da kasafinsa, amma a wuyan yarinya ɗaya suke haɗuwa. Wannan zai shiga babin shawarwari in sha Allah.

Talata, 25 ga Yuni

Damina ta sauka, babbar sallah ta wuce. Duk gidan da na shiga robobi da bahuna da tukwane a jere ƙarƙashin indararo, ƙwallaye sun ragu sosai a satin da aka yi ruwa. Amma abin da ban zata ba, farashin bai sauko yadda na yi tsammani ba, saboda 'yan garuwa da yawa sun koma gida noma, waɗanda suka rage kuma tura kura a cikin taɓo sai wanda ya gani.

Yau a Ɗorayi wani Baba ya tsare mu a soro kusan awa biyu, kuma ban yi nadamar zaman ba. A cikin birni aka haife shi, ya ce yana yaro famfon layinsu ba ya ɗaukewa, har mamaki suke idan aka ce wani gari ana sayen ruwa. Ya ce lokacin da ya dawo Ɗorayi gonaki ne ta ko'ina, kowane gida da rijiyarsa guga kaɗan ka taɓo ruwa, yanzu tasa tun Fabrairu take ƙafewa, shi a ganinsa tunda maƙwabta suka fara haƙa bohal mai zurfi ruwan ya gudu ƙasa. Ban da hanyar tabbatar da wannan da kayan aikina, na rubuta shi a matsayin abin da mazauna suke faɗa, kuma zan je sashen nazarin ƙasa in tambaya, don na san yawancin Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙasan ba mai yawa ba ne kamar na wasu wurare.

Maganarsa ta sa na koma laburare. Aikin ruwan famfo na Kano daga Challawa ya faro tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930. Daga baya aka yi madatsar Tiga a shekarun 1970, aka zo aka yi sabuwar matatar Tamburawa da ta Watari zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ga tankunan da ke kan Goron Dutse kowa yana ganinsu. Wato ba a zauna haka ba, an yi ayyuka. Sai dai garin ya yi ta faɗaɗa ta Ungogo da Kumbotso da Gwale, ana yanka filaye ana gini kafin bututu ya iso, unguwa ta cika da mutane babu layin ruwa ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Asabar, 20 ga Yuli

Ranar Alhamis na gabatar da inda aka kwana a gaban malaman sashe. Na tafi da gwangwani ɗaya na ajiye a kan tebur, da na juye ƙwallayen sai ɗakin ya yi tsit.

Tambayoyi sun yi zafi kuma sun yi amfani. Wani malami ya ce gidajena sun yi kaɗan a ce Kano gaba ɗaya, ƙananan hukumomi takwas ne a cikin birni da kewaye ni kuma unguwa uku na taɓa. Gaskiyarsa, zan gyara taken ya nuna unguwa uku ne, kuma ba zan rubuta kashi kaza na mutanen Kano ba. Wata malama ta ce ina kuɗin ruwan leda? Wallahi na manta da shi kwata-kwata, alhali gidaje da yawa na jarka na wanka ne da girki, na sha kuma fiya wata ake saya musamman idan akwai jariri ko mara lafiya. Na ƙara.

Wani dattijon farfesa kuma bai yi tambaya ba, labari ya ba mu. Ya ce lokacin da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa sun yi murna saboda abu ne da suke gani, akwai mai karɓa akwai rasit, tun zamanin jam'iyyar NEPU su Malam Aminu Kano suke yaƙi da shi. Ya ce wannan da kika kawo shi ma haraji ne a kan talaka, sai dai ba shi da rasit ba shi da ofis, shi ya sa ba wanda ya taɓa tsayawa takara a kan soke shi. Na roƙe shi izinin saka maganar a aikina ya ce in saka.

A hanyar dawowa a adaidaita na tuna tallafin naira 25,000 na wata uku da gwamnatin tarayya ta sanar a Oktoban bara ga gidaje miliyan 15. A gidajen da nake bi ana yawan yi min maganarsa, wasu ma da farko sun zaci ni ce mai rubuta sunaye, sai na yi ta rantsuwa ni ɗaliba ce. Ko wanda ya samu, a lissafin jarka 16 ɗin nan kuɗin wata guda bai kai ruwan kwana goma sha shida ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Ba mu fita ba tun ranar Alhamis 1 ga wata da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice aka saka dokar hana fita ta awa 24. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda aka yi wa asara.

Ta waya na riƙa bin gidajen da suke da lamba. Ranar farko ta dokar ba ɗan garuwa ko ɗaya a wasu layukan, mai tanki a sama bai ma san an yi ba, mai randa ɗaya kuwa kafin la'asar ta ƙare. Wata ta ce min maƙwabciyarta ce ta miƙo mata bokiti biyu ta kan katanga, da shi suka yi girki suka yi alwala. Mu ma a gidanmu Umma sai da ta hana kowa wanka ranar. Na buɗe sabon shafi na rubuta, kwana nawa gida zai iya yi idan ba a kawo ruwa ba. Ban taɓa tunanin wurin ajiya ma wani bambanci ne ba, duro da tanki kuɗi ne, kuma mai ɗaki ɗaya a gidan haya ko an ba shi kyauta ina zai ajiye.

Alhamis, 5 ga Satumba

Fetur ya sake tashi shekaranjiya, gidajen man NNPC sun koma wajen naira 900, a sauran wurare ya fi haka. Abokin aikina ya leƙa bohal ɗin Ɗorayi da safe, mai shi ya ce yana neman bashi ya saka sola don ya gaji. Idan ya samu zai zama abin dubawa mai kyau, shin farashin jarka zai sauko ko kuwa zai tsaya inda yake, za mu bi.

An sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000 a ƙarshen Yuli, na sake lissafin. Kashi 3 cikin ɗari ya zama naira 2,100 a wata. A jarka 150, jarka 14 kenan a wata ga gida gaba ɗaya. Kuma yawancin mazan gidajen da nake bi ba ma'aikatan gwamnati ba ne, 'yan adaidaita ne da teloli da masu ɗan tebur a kasuwa da leburori, wannan ƙarin ba zai zo aljihunsu ba.

Ofishin nan har yau shiru, zuwa na bakwai. Malam ya ce zai rubuta musu da kansa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau na kwashe gwangwanayen Kurna, sati talatin da 'yan kai kenan ana jefawa. Ban so in karɓa in tafi kawai ba, don haka kowane gida na zauna na faɗa musu jimillar abin da suka kashe tun Fabrairu. Innar da ta ba mu dabarar ƙwallon dabino da na faɗa mata nata sai ta riƙe haɓa ta yi shiru, can ta ce "yanzu duk wannan a ruwa? ai da na sayi keken ɗinki." Ta ce in bar mata gwangwanin za ta ci gaba da jefawa don ta nuna wa maigidan, shi kullum gani yake kuɗin cefane ne take ɓarnatarwa. Na bar mata har da sauran ƙwallayen.

Mai unguwa ya ce idan na gama rubutawa in kawo masa da Hausa a takarda biyu ba da Turanci ba, yana so ya kai wa kansila da 'yan kwamitin masallaci, akwai maganar haɗa kuɗi a yi bohal mai sola na unguwa da suka daɗe suna yi ba ta tashi ba. Na yi masa alƙawari.

Saura na Ɗorayi ranar Asabar mai zuwa, sannan in fara shigar da komai kwamfuta, gidaje biyu na GRA kuma har yanzu ban karɓo takardun kuɗin wutarsu ba. Malam yana son babi na huɗu kafin ƙarshen Nuwamba. Yarinyar nan ta shiga aji shida, mahaifiyarta ta ce yanzu ƙaninta ne yake yin sawun farko ita ta yi na yamma, zan koma ranar Litinin da safe in ga ko hakan yana sa ta isa makaranta kafin a rufe ƙofa.